Babi na Huɗu: Inda Nassi Ya Yi Shiru

Bishara huɗu ce a Sabon Alkawari, ta Matiyu da ta Markus da ta Luka da ta Yohanna, kuma babu wadda ta faɗi kamannin Yesu. Ba a ce dogo ne ko gajere ba, ba a ce fari ne ko wankan tarwaɗa ba, ba a siffanta muryarsa ko tafiyarsa ba. Mai karatu bai cika lura da wannan ba, domin zuciyarsa takan cike masa gurbin tun kafin ya ankara. Amma ranar da aka ce a tashi a kwaikwayi labarin, shirun nan ya zama nauyi a wuyan wani. Dole a zaɓi mutum mai fuska, a ɗinka masa riga mai launi, a ce masa ga inda zai tsaya, ga wanda zai kalla, ga lokacin da zai ɗaga murya.

A Yohanna sura 8 an kawo wa Yesu wata mace da aka kama da zina, ana neman a ji hukuncin da zai yanke. Sai ya sunkuya yana rubutu da yatsa a ƙasa. Me ya rubuta? Nassi bai faɗa ba. Mai wa'azi yana iya tsallake wurin ya ci gaba, amma kyamara ba ta da wannan damar: ko dai ta leƙa ƙasa, ko ta kau da kai, kowanne kuwa zaɓi ne. A 1927 Cecil B. DeMille, a fim ɗinsa The King of Kings, ya sa ta leƙa. Ya nuna zunuban masu ƙarar ne ake rubutawa, kowa ya hangi nasa sai ya yar da dutsen hannunsa ya sulale. Wasu tsofaffin malaman coci sun yi wannan hasashe tun da daɗewa, amma su hasashe suka kira shi. A majigi kuwa babu inda aka rubuta "wataƙila". Mai kallo ya gani da idonsa, gani kuwa ya kori ji.

Shi ya sa nake ɗaukar duk mai shirya wasa ko fim a kan Littafi Mai Tsarki a matsayin mai tafsiri, ko ya yarda ko bai yarda ba. Tafsirinsa ma ya fi na kan mumbari kama zuciya, don ba ya zuwa da sunan tafsiri.

Abin ya faro ne a cikin coci, da sigar ibada. Wajen shekarar 970 Bishop Ethelwold na Winchester a Ingila ya tsara wa sufayen coci littafin ƙa'idoji, a ciki har da abin da za a yi da asubahin Ista. Mutum ɗaya zai sa farar riga ya zauna kusa da wurin da aka mayar kabari, shi ne mala'ika. Uku za su taho da kaskon turare, su ne matan da suka je kabarin, an kuma umarce su su riƙa tafiya a hankali, suna waige-waige irin na mai cigiya. Wannan umarni game da tafiya ba ya cikin Bishara. Daga nan aka fara ƙari.

Bayan ƙarnuka huɗu wasan ya fito titi. A birnin York, daga wajen 1376 zuwa 1569, ƙungiyoyin masu sana'a sukan raba labarin Littafi Mai Tsarki a tsakaninsu, tun daga halittar duniya har zuwa ranar shari'a, kashi kusan 48. Kowace ƙungiya da amalankenta, ana jan sa daga wannan mahaɗa zuwa waccan tun kafin fitowar rana. Rabon ya bi sana'a: masu sassaƙa jirgin ruwa su ke gina jirgin Nuhu, masunta da matuƙa su ke yin ruwan tsufana, maƙeran zinariya su ke kawo kyautar masanan gabas, masu gasa burodi su ke yin Jibin Ƙarshe. Gicciye kuwa ya faɗo a hannun masu ƙera ƙusoshi da allurai.

Wasan nasu ya cancanci a tsaya a kansa. Markus ya ba da labarin gicciyen cikin 'yan kalmomi, ya wuce. Mutanen York suka cike wurin da sojoji huɗu masu fama da aikin hannu. An huda katakon ba daidai ba, ramukan sun yi nisa da juna, hannu bai kai ba, sai suka ɗauko igiya suna ja suna mita, suna gardamar wa ke zuba ƙarfi wa ke lalaci. Da aka zo ɗaga gungumen sai kukan ciwon kafaɗa da baya. Duk wannan lokaci Yesu yana kwance a ƙasa, jama'ar da ke tsaye a titi ba sa ma ganinsa sosai, sojojin suke gani, har su yi dariyar shirmensu. Sai an ɗaga gicciyen sama ya fuskance su, sannan mai dariya ya gane da wa ya yi tarayya. Ban san wa'azin da ya fi wannan nuna yadda mugunta ke shigowa cikin rigar aikin yau da kullum ba. Mutanen da ke kan amalanken maƙwabta ne, gobe za a je rumfarsu sayen ƙusa.

A York ƙarin ya mayar da yatsa kan mai kallo. Akwai inda ƙarin ya nuna wani can daban, kuma ba a taɓa ganin haka ƙarara kamar a Oberammergau ba.

Ƙauye ne mai mutum kusan 5,000 a gindin duwatsun Bavariya, kudancin Jamus. A 1633, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin, annoba ta shigo ta kashe mutum kusan 80. Dattawan gari suka yi wa'adi gaban Allah cewa idan ya ɗauke musu, za su riƙa kwaikwayon shan wuya da mutuwa da tashin Almasihu duk bayan shekara goma. Labarin da suka gada ya ce daga ranar ba a sake rasa kowa ba. Sun yi wasan farko a 1634 a makabartar gari, kusa da sababbin kaburbura. Daga 1680 suka mayar da shi shekarun da ke ƙarewa da sifiri. Sau kaɗan aka fasa: a 1770 hukuma ta hana, a 1940 yaƙi ya hana. Na 2020 kuma wata annobar, korona, ta tura shi zuwa 2022.

Wanda aka haifa a garin, ko ya shekara 20 a cikinsa, shi ke da haƙƙin hawa dandamali, kuma kusan mutum 2,000 ke shiga, tsakanin 'yan wasa da mawaƙa da makaɗa da maɗinka. Tun ranar Larabar Toka ta shekarar da ta gabaci wasan ake shelar daina aski, don haka sai ka ga mai otel da direba da malamin makaranta duk sun tara gashi da gemu. Ana wasan fiye da sau 100 daga Mayu zuwa farkon Oktoba, kowanne wajen awa biyar, a zauren da ke ɗaukar mutum sama da 4,000. Tsakanin fitowa da fitowa akan buɗe labule a nuna mutane tsaye cak ba motsi, suna siffanta wani labari na Tsohon Alkawari da ake ganin ya yi ishara ga abin da ke tafe. An daɗe ana nuna 'yan'uwan Yusufu suna sayar da shi gab da cin amanar Yahuza.

Duk wannan abin sha'awa ne, kuma ba na shakkar cewa yawancin waɗanda suka rayu suka mutu cikin hidimar wasan nan don Allah suka yi. Amma wasa yana son mugu, wanda masu kallon fim a nan suke kira bos. Rubutun da limamin garin, Joseph Alois Daisenberger, ya kammala a 1860, wanda aka yi amfani da shi fiye da shekara ɗari, ya samo bos ɗinsa a cikin Yahudawa. Aka sa wa firistoci huluna masu kama da ƙaho. Aka sa wa Yahuza rigar ruwan ɗorawa, launin da Turai ta daɗe tana yi wa Yahudawa tambari da shi. 'Yan kasuwar da Yesu ya kora daga Haikali, waɗanda Bishara ba ta sake ambatonsu ba, aka mayar da su masu ƙulla makircin ramuwa saboda asarar kuɗi. Yesu da almajiransa kuwa aka wanke su daga duk wata alamar Yahudanci, har mai kallo ya manta cewa shi da uwarsa da Bitrus da Yohanna duk Yahudawa ne. Gwamna Bilatus ya fito mutumin kirki mai son adalci wanda aka fi ƙarfinsa.

Babu ƙaho a Matiyu, babu ruwan ɗorawa a Luka. Maɗinki da marubuci ne suka sa su. Tarihi ma bai san wancan Bilatus mai taushin zuciya ba. Ya mulki Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36, kuma Philo na Iskandariya da Josephus, marubutan ƙarni na farko, sun siffanta shi da taurin kai da saurin zubar da jini, har aka kira shi Roma bayan ya sa an karkashe Samariyawa. Gicciye kansa horon Romawa ne.

Sai kuma aya guda, Matiyu 27:25, inda taron jama'a ke ɗora alhakin jinin Yesu a kansu da kan 'ya'yansu. Matiyu kaɗai ya kawo ta. A takarda layi ɗaya ce, mai karatu yana iya tsayawa ya tambayi malami su wa suka faɗa, su nawa ne, yaushe aka rubuta. A Oberammergau ɗaruruwan mutane ne ke kurma ta da murya ɗaya, hannuwa a sama. Turai ta san abin da irin wannan ihu ke haifarwa, domin makon Ista ya daɗe yana zama makon fargaba a unguwannin Yahudawa, har majalisar coci ta 1215 ta umarce su kada su fito waje a kwanakin ƙarshe na makon. Adolf Hitler ya kalli wasan a 1930, ya dawo a 1934 lokacin bikin cika shekara 300, ya yaba, daga baya ya ce a ci gaba da yi domin yana fallasa abin da shi yake kira barazanar Yahudawa. Ba a canza masa rubutun don ya ji daɗi ba. Yadda ya same shi ya ishe shi.

Bayan yaƙi, bayan an kashe Yahudawa miliyan 6, garin ya koma wasansa a 1950 da 1960 da kusan rubutun nan dai. A 1965 Majalisar Vatican ta Biyu ta fitar da sanarwar Nostra Aetate, wadda ta ce ba za a ɗora mutuwar Almasihu a kan dukan Yahudawan wancan zamani ko na yau ba. Ƙungiyoyin Yahudawan Amurka suka matsa a gyara, har da kiran a ƙaurace wa wasan 1970. Mutanen gari suka turje. Hujjarsu ita ce ta kowane mai gado: haka muka tarar, kakanninmu ba su nufi kowa da sharri ba, baƙo ba zai koya mana wa'adinmu ba.

Gyaran daga cikin gida ya zo. Christian Stückl, haifaffen garin a 1961, bai kai shekara 30 ba aka damƙa masa wasan 1990, shi ne kuma ya ja ragamar na 2000 da 2010 da 2022. Ya fito da al'adar kwasar manyan 'yan wasa zuwa Isra'ila kafin a fara gwaji, su taka wuraren da labarin ya faru, su zauna da malaman Yahudawa, su ziyarci Yad Vashem, gidan tunawa da kisan ƙare-dangi. Ƙahonin suka tafi. A 2000 aka cire ayar jinin gaba ɗaya. Almajirai suka koma kiran Yesu da laƙabin malamin Yahudawa, ya yi addu'ar Jibin Ƙarshe da Ibrananci, a 2010 kuma ya ɗaga naɗaɗɗen littafin Attaura a Haikali jama'a suna rera kalmar kaɗaita Allah ta Isra'ila. Taron da ke gaban Bilatus ya rabu, wasu na neman a kashe, wasu na ihun a sake shi. Nikodimu da Yusufu na Arimatiya suna ja da babban firist Kayafa a cikin majalisa. Bilatus ya koma azzalumin gwamnan mulkin mallaka. Ƙofar dandamali ma ta buɗe: a 1990 kotu ta ba matan aure da waɗanda suka haura shekara 35 damar shiga, a 2022 kuma wani matashi Musulmi ɗan garin, Cengiz Görür, yana cikin mutum biyun da suka fito a matsayin Yahuza, Yahuzan da ya bi Yesu da fatan juyin mulki, aka yaudare shi, nadama ta cinye shi.

Akwai masu bi na gaskiya da cire ayar ya dame su, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce. Idan yau an cire wannan don ta yi wa wasu zafi, gobe wace za a cire? Wa ya ba darakta almakashi a kan maganar Allah? Amsata ita ce almakashin yana hannunsa tun ranar farko. Wasan awa biyar da aka haɗa daga Bishara huɗu dole ya ɗauki wani ya bar wani, Daisenberger ma ya yi haka, ya kuma ƙara abin da babu. Ayar tana nan a Matiyu, ba wanda ya goge ta, ana karanta ta a coci inda akwai mai bayani. Abin da aka daina shi ne ba wa ɗaruruwan mutane ita su yi kururuwa da ita a ƙasar da aka ga ƙarshen wannan kururuwa. A nan ina tare da Stückl ba tare da wata tantama ba.

Fim ya gaji rigimar nan ɗungurungum. Mel Gibson ya fitar da The Passion of the Christ a 2004, da harshen Aramaik da Latin, ya samu fiye da dala miliyan 600. Tsofaffin harsunan sun sa mutane da yawa sun ɗauka abin da ya faru ne sak aka ɗauko. Alhali bulalar da Bishara ta ambata a gajarce ya ja ta mintuna masu yawa, kuma ya ɗebo abubuwa da dama daga ru'uyoyin Anne Catherine Emmerich, wata Bajamushiya 'yar zuhudu da ta rasu a 1824. Ayar jinin ya bar ta a bakin 'yan wasa, ya cire fassararta daga ƙasan allo.

A garin Matera na kudancin Italiya, inda Gibson ya ɗauki gicciyensa, shekara 40 kafin nan wani ya riga shi. Pier Paolo Pasolini ɗan gurguzu ne da bai ɓoye rashin imaninsa ba, kotu ma ta taɓa samunsa da laifin ɓatanci ga addini a 1963 saboda wani gajeren fim. Duk da haka fim ɗinsa na 1964 a kan Bisharar Matiyu yana cikin fina-finai 45 da fadar Vatican ta zaɓa a 1995. Kusan duk maganar da ke cikinsa daga Matiyu take, bai ƙara hira tasa ba. Ya ɗauki Enrique Irazoqui, ɗalibi ɗan Sifen mai shekara 19 da bai taɓa wasa ba, ya ba shi matsayin Yesu. Manoma da makiyaya masu tamoji da karyayyun haƙora su ne jama'a, mahaifiyarsa Susanna ita ce Maryamu a gindin gicciye, ya kuma haɗa kiɗan Bach da Missa Luba ta mawaƙan Kwango. To, ko shi da bai ƙara kalma ba ya yi tafsiri, da ƙafa ya yi shi. Yesunsa sauri yake, yana gaba almajirai na haki a baya, yana jefo musu koyarwa ta kan kafaɗa, ba ya jiran a gama fahimta. Wanda ya kalle shi ya koma ya buɗe Matiyu zai ji zafin maganar da sabo ya sanyaya masa.

Saura fuska, wadda muka fi sanin zancenta a nan. Musulmi ba sa siffanta annabawa, Annabi Isa, alaihissalam, yana cikinsu, kuma ba su yarda an gicciye shi ba. Da yawanmu mun ga yadda Moustapha Akkad ya ɓullo wa lamarin a fim ɗin Arrisala na 1976, inda ba a ganin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba a jin muryarsa. Kirista ma sun daɗe da irin wannan ɗari-ɗari. Hukumar tace fina-finai ta Birtaniya ta yi shekara da shekaru tana hana nuna Almasihu, kuma a Ben-Hur na 1959 bayansa da hannunsa kawai ake gani. Da aka saki jiki, fuskar da ta mamaye duniya ta Bature ce: Robert Powell mai shuɗin ido a 1977, sai Brian Deacon a fim ɗin Jesus na 1979, wanda aka juya zuwa harsuna fiye da 2,000, har da Hausa, ake haska shi a filayen ƙauyuka da janareta da farin ƙyalle. Bakin yana Hausa, fuskar ta Ingila ce, yaron da ke zaune a ƙasa kuwa ba wanda ya ce masa hasashe ne.

Ga matasan majami'unmu na Jos da Kafanchan da Wusasa da Maraɗi, masu shirya wasan Kirsimeti da na Ista da zannuwan iyayensu mata da gemun auduga, tambayar Oberammergau tana cikin akwatin kayan wasa. Wace riga za a sa wa Kayafa? Da wane karin harshe Bafarisiye zai yi magana? A ƙasar da aka sha zubar da jini da sunan addini, wanda ya ɗauko suturar maƙwabcinsa ya sa wa bos ya yi wa'azin da fasto bai yi ba, yara kuma za su riƙe shi fiye da na faston.

Akwai wata hanya da aka gwada kusa da mu. A shekarun 1970, a duwatsun Mandara na arewacin Kamaru, kusa da iyakar Najeriya, Kiristocin ƙabilar Mafa sun yi aiki da 'yan mishan Faransawa a kan labaran Bishara. Akan karanta labari, jama'a su tattauna, sannan su tashi su kwaikwaye shi a tsakar gidajensu da kayan jikinsu. Aka ɗauki hotuna da zane-zanen gwaji, daga cikinsu aka fitar da zane sama da 60, tun daga albishir ga Maryamu har zuwa Fentikos. Yesu baƙi ne cikin jan mayafi, ga bukkoki masu tsinin kai, ga rumbuna, ga ƙwarya tana zagayawa a Jibin Ƙarshe. Ana sukar aikin da cewa hannun da ya yi zanen ƙarshe na Faransa ne, kuma ƙauyen ya fito tsaf fiye da kowane ƙauye na gaske. Sukar tana da tushe. Amma wa zai zauna kusa da wa, yaya uba zai tarbi ɗan da ya ɓace, ina mata za su tsaya ranar jana'iza, waɗannan mutanen Mafa ne suka yanke su, bayan sun yi gardama a kan nassin da harshensu. Zanen ya bazu daga baya, yau ana samunsa a bangon coci-coci da littattafan koyarwa a Afirka da Turai da Amurka.